Faifan Babanmu Da Na Ɓare Da Farcena

Malam Edita, lokacin da abin nan ya faru ina da ɗan shago a kasuwar Managil, ina kwafar faifan biki da na karatu, ina zuba wa mutane waƙa a waya. A aji shida na bar makaranta, gonar audugar gidanmu kuma na bar wa ƙannena. Abin da na sani na kwamfuta da hannuna na koya, kuma ba na son a gyara mini. Balle ɗan baffana, wanda ya yi jami'a, kowa a ƙauyenmu na ce masa muhandis, wato injiniya, sai ka ce shi ya ƙera lantarki. Ban taɓa son sa ba, har yau ma, gara in faɗa.

Kafin babanmu ya rasu an ɗauki muryarsa yana lissafo kakanninmu da garuruwan da suka ratsa daga Sakkwato har suka sauka bakin kogi. Faifai ɗaya ne tak. Yayata ta ajiye shi a akwati cikin gyale, ta manna masa filasta a baya da sunan Baba. Da auren 'yarta ya zo sai ta kawo mini, wai in juya shi a waya a sa wa dangin da za su taho daga Abu Na'ama. Na ce mata aikin rabin awa ne.

Sabuwar kwamfutata ta ce babu komai a faifan. Kwana biyu ina fama, sai ga muhandis, yayata ta turo shi. Ya ce da tsohuwar manhaja aka zuba shi, ita kaɗai ke karanta shi, kuma ba ta hawa kwamfutar yanzu. Ya ɗora mini wata kwamfuta ta ƙarya cikin tawa, taga ce kawai kake buɗewa ka ga tsohon tsari a ciki. Sannan ya ce saura abu ɗaya, kada in taɓa komai har ya dawo daga la'asar. A gaban maƙwabtana na kasuwa ya faɗa, da murmushin nan nasa. Na rantse a raina kafin ya dawo na gama.

Na sa faifai, kwamfutar cikin tagar ba ta gan shi ba. Na fitar, na mayar, na kashe, na kunna, na hura mazubin da baki. Ina jin yana juyawa, amma ita kamar ba ta san akwai wurin sa faifai a duniya ba. Mu a kasuwa abin da muka sani, in faifai ya ƙi to datti ne, sai man goge baki da ƙyalle. Na goge, ya ƙi. Sai idona ya kai kan filastar, na ce ita ke sa shi rawa a ciki. Na sa farce na fizge. Ta taho da azurfar bayan faifan, faɗin yatsu biyu. Na ɗaga shi sama, ina hango kwanon rufin shagona ta cikinsa.

Da ya dawo ya zauna yana bayani, wai ta cikin ba ta da komai nata, mazubin faifan na hannun ta waje, sai an shiga saiti an miƙa mata. Ya latsa wuri ɗaya. Ya gwada da wani tsohon faifan biki, nan take ya buɗe. Sai ya miƙo hannu ya ce, “Yaya, kawo na Baffa.” Na ɗora masa a tafi. Ya daɗe yana kallo, ya ce, “A wannan azurfar muryar take.” Na zage shi tas. Na ce da gangan ya bar latsawar nan don ya nuna ni a kasuwa, abin da bai kai alwala daɗewa ba. Har yanzu haka na ɗauka. Amma farcen nawa ne.

Yayata ba ta yi faɗa ba, filastar kawai ta ce in ba ta. Ranar biki tsofaffin Abu Na'ama suka yi ƙoƙarin lissafo sunayen, suna kaiwa kaka na huɗu gardama ta kaure, kowa da nasa.

To masu sana'a irin tawa, in ta ciki ta ƙi ganin faifai, ku fara gwadawa da wanda ba ku damu da shi ba, ku duba saiti kafin ku zargi faifan. Abin da babu na biyunsa kada ku taɓa shi kuna cikin fushi da wani. Ku kuma masu karatu, ku daina bar wa mutum rabin bayani a gaban jama'a. Na so in kunyata ɗan baffana, yana nan lafiya ƙalau ana ce masa muhandis. Muryar babanmu kuwa tana manne a jikin filasta, cikin gyale, a akwatin da yayata ba ta ƙara buɗewa a gabana ba.