Motar da Aka Rubuta Naira Ɗaya

Ina 'yar shekara tara na fara jin sunan Malam Muttaka, a bakin Kawu Babaji, wan mahaifiyata, kuma da tsaki ya haɗa shi. Duk wanda ya yi masa gardama a kan kuɗi sai ya ce, "Kai kuma Muttaka za ka zame mani?" Na girma ina zaton wani ɓarawo ne.

Ni ce ke ajiye tsofaffin takardun gidanmu. Bayan na gama sakandare na riƙa ganin sa hannun Malam Muttaka a ƙasan kowane shafi, sai na neme shi. Na same shi a Kambarawa, yana rubuta wa wani mai siminti rasit, idonsa ɗaya ya yi yana.

Ɗan Ƙofar 'Yandaka ne. Shekara ashirin da shida yana riƙe wa kakana, Alhaji Isma'il, littafin shagon hatsinsa na Babbar Kasuwa. Ya yi mani bayanin yadda ake rubuta kadara a littafi. Shago ana barin sa a kan kuɗin da aka saye shi, ko an shekara talatin. Mota kuwa kowace shekara ana rage mata daraja saboda tsufa, har ta dawo naira ɗaya, ko da tana kan hanya tana aiki. "Ba ƙarya ba ne," in ji shi, "ƙa'ida ce. Amma ba don rabon gado aka yi ta ba."

Da kakana ya rasu, magada biyu ya bari, Kawu da mahaifiyata Saudatu. Malaman rabo suka ce a kira dillalai su yi wa kaya kuɗi. Kawu ya ajiye musu littafi a zaure, ya ce ga hatimin akanta mai duba lissafi, ina amfanin dillalai. Shi zai riƙe shago da babbar motar marigayin, a fitar wa ƙanwarsa kasonta da kuɗi.

Malam Muttaka ya ce, "Alhaji ƙarami, tunda motar naira ɗaya ce, ga naira biyu, ba ni makulli."

Wasu suka yi dariya. Kawu ya ce, "Kai ka rubuta ko ba kai ba?"

"Ni na rubuta. Shi ya sa na san abin da na rubuta."

A ranar aka kore shi. Kafin sati an baza a kasuwa cewa ya taɓa kuɗin mamaci, kuma babu babban ɗan kasuwar da ya sake ba shi littafi.

Mahaifiyata tana cikin gida tana karɓar gaisuwa aka shigo mata da takarda. Ba ta yi boko ba. Ta dangwala yatsa. Abin da aka ba ta, firji ta saya, da shi ne har yau take ƙulla zoɓo tana biyan kuɗin makarantar ƙannena. Motar naira ɗaya kuwa ko makon jiya na gan ta tana sauke masarar Funtuwa. Abin da ya fi ci mani rai, kowace sallah sai Umma ta tura mu mu gode wa Kawu saboda turmin atamfa.

Da zan tafi, Malam ya zaro wata takarda daga jakar leda. A makon rasuwar ya bi dillalai uku da ƙafarsa, ya rubuta kuɗin da kowa ya yi wa shago da mota, a gefen kuɗin littafi. Shagon da littafi ya ce dubu tamanin, mafi ƙarancinsu ya ce miliyan tara.

Ya miƙo mani ya ce, "Ni ba muharramin mahaifiyarki ba ne, ɗiyata, sau biyu ina zuwa in kai mata ana tare ni a ƙofa. Ban ce ki kai kowa kotu ba, wannan nata ne. Ki zauna ki karanta mata layi biyun nan da ƙarfi, kada ki tsallake ko ɗaya."