Labulen Cikin Kwalba

Bana shekara tara ke nan da Allah ya karɓi ran maigidana, kuma har yau ni kaɗai nake zaune a gidanmu na Nassarawa. Injiniyan rediyo ne. Da ya yi ritaya sai ya mayar da ɗakin baya wurin aiki, yana haɗa na'urorin ƙara ƙarfin rediyo irin na da, masu kwalabe da ke ɗaukar zafi kamar ƙwan lantarki.

Ranar da na fara jin ya ce, "Labule ya ƙone!" da bokitin ruwa na shiga a guje. Ya yi dariya har da hawaye. Ashe labulen wata siririyar raga ce a cikin kwalbar, wadda sai an tsayar mata da wuta daidai, ba hawa ba sauka. Shekaru ya yi yana gyara na'urar da ke tsayar da wutar nan. Ya ce wani lokaci labulen ba jan wuta yake ba, maido da ita yake yi. In bayarwa kawai na'urar ta iya, wutar za ta yi ta hawa har kwalbar ta mutu. Dole ta iya karɓa.

"Halinki ke nan, Hajiya. Kowa ki ba shi, amma ko maganin ciwon kai aka miƙo miki, sai ki ce a bar shi."

Na ce ya sha shayinsa kafin ya huce.

Yau rediyo ya koma cikin waya. Ina jin da yana nan, zai yi ta juya ta yana neman inda ake kwance ta, in ya rasa ya ajiye da tsaki.

Gwiwoyina sun gaji. Tun bara autarmu Binta take roƙon in koma wurinta a Badawa, ina cewa lafiyata ƙalau. Makon jiya na durƙusa in goge na'urarsa ta ƙarshe, sai na kasa tashi. Ina zaune a ƙasa ina jiran matar mai gadinmu ta jiyo kirana, idona ya faɗa kan 'yan takardu biyu da ya liƙa a jikin wayoyin na'urar da rubutun hannunsa. Ɗaya "Bayarwa". Ɗaya "Karɓa".

Kwalaben za su lalace, na sani. Wannan maganar tasa ce ta rage mini, kuma sai yanzu na ji ta. Na kira Binta na ce ta zo da mota ranar Asabar ta ɗauke ni, ta bar wuri a baya saboda akwati ɗaya mai nauyi.

Allah ya jiƙan Malam, ya haskaka makwancinsa.