Ragowar Irin Gyaɗa

A gidanmu na Fulatan, in an gama shuka, ragowar irin gyaɗa rabon yara ne. A soya, su cinye. Haka muka taso muka gani.

Shekarar da aka fara kawo sabon iri daga kamfani, ja wur da shi kamar an shafa masa janbaki, surukata ta wanke shi tas ta soya. Ɗan farina ya ci ya ƙoshi. Kafin azahar yana ta karkarwa, yawu na dalala, idonsa ya ƙanƙance. Kunyar ɗan fari? Wallahi ranar na watsar da ita, na rungume shi ina ihu har asibitin Ƙaraye.

Malamin asibiti ya yi masa allurar zazzaɓi, ba sauƙi. Ya ce, "Baiwar Allah, wannan ba zazzaɓi ba ne, amma ban gane kansa ba." Na nemi wuri na zauna.

A kan benci akwai malamin dabbobi, ya kawo matarsa awo. Ya leƙo ya ce kwanan nan yana ganin kaji da awaki suna mutuwa haka, da kumfa a baki. Ya lissafo ƙauyukan. Aka kirawo malamin gona daga sakatariya, yana jin sunayen ya dafe kai.

"Duk inda muka raba sabon iri ne. Jan nan maganin ƙwari ne, wanki ba ya fitar da shi. Me yaron ya ci?"

"Gyaɗa," na ce.

Nan take malamin asibiti ya canza allura. Numfashin yaron ya fara daidaita. Ina cikin hamdala sai na tuna: sauran gyaɗar na cikin kwano a tsakar gida, ƙanwarsa kuma tana gida.

Innalillahi! Na bar shi wurin babansa da ya biyo mu, na haye acaɓa. Ɗan acaɓan na cewa hanya ba kyau, na ce, "Kai dai ja, ko na karɓi tuƙin!"

Na faɗa gida ko sallama babu. Kwano a kife, ba ko ƙwaya. Yarinyar na zaune tana rusa kuka.

"Kin ci?"

Ta girgiza kai, ta nuna bayan rumbu. Akuyata ce, wadda na zo da ita daga gidan iyayena, ta ture yarinyar ta cinye gyaɗar. Tana kwance, kumfa a baki.

Na durƙusa gaban akuyar nan ina kuka, ina yi mata godiya.