Malam Halliru, Mai Fassara Labaran Urdu

Ƙarfe bakwai na safe Malam Halliru Dunoma yake jingina kekensa a gindin darbejiya, ya buɗe ɗakin karatu na makarantar 'yan mata da ke hanyar Babura, ya share kashin jemage, ya duba inda gara ta yi ɓarna. Shekara talatin da biyar ke nan. Ƙarshen watan nan zai miƙa makulli. Ƙafa ta gaji, idon hagu kuma ya yi yana.

Da masinja ya fara. Wani malamin kimiyya ɗan Pakistan ya ga yana karanta ajami, sai ya koya masa Urdu, tunda baƙaƙen 'yan uwan juna ne. Da zai koma ƙasarsu ya bar masa akwati biyu na littattafan binciken masu laifi. Malam Halliru ya yi ta juya su zuwa Hausa da biro, cikin littattafan rubutu irin na 'yan makaranta. Duk Alhamis bayan la'asar sai ya karanta wa ɗalibai.

Jarumin labarin bai taɓa ɗaɗa shi da ƙasa ba. Mutanensa su ne waɗanda ke dawowa cikin kowane littafi ba mai gode musu: kukun da ke ƙona shinkafa yana mita, direban da ke jira a ƙofa, da sajan da kullum sai ya kamo wanda bai ji ba bai gani ba. Kowanne da muryar da yake yi masa.

Wata ɗaliba, Zubaida 'yar Roni, ta taɓa cewa, "Malam, a wuce kukun nan mana, a kama ɓarawo."

Ya ce, "Da yunwa mai binciken zai kama shi?"

Zubaidar nan ta shigo aji ɗaya ba ta iya haɗa baƙi ba. Ranar da aka kori kuku daga aiki cikin labarin, ta kasa haƙurin jiran Alhamis. Malam ya miƙa mata littafin ya ce ta nemo da kanta. Sati uku tana fama, har ta gano an mayar da shi. Yau ungozoma ce a Gwiwa.

Shekarar da guguwa ta yaye rufin ɗakin karatu, ruwa ya jiƙa komai. Shugaban makaranta na lokacin ya ce a kwashe ruɓaɓɓun takardu a ƙona. Malama Asma'u mai koyar da Hausa ta ga Malam Halliru durƙushe a kan tarin yana tsinta.

"Ranka ya daɗe, a bar mini waɗannan," ya ce wa shugaban.

Kwana huɗu yana jigilarsu a keke zuwa gidansa a Kanya Babba, yana shanya su shafi-shafi a kan tabarma. Akwati ɗaya ya tsira. Ɗayan ya zama kunu, har da littafin da ya fassara rabinsa. 'Yan mata suka roƙe shi ya ƙirƙiro ƙarshe.

"Ban san ƙarshensa ba," ya ce, "kuma ba zan yi muku ƙarya ba."

Malam, kai ne ka zauna a ɗakin da ba fanka, ba ƙarin girma, ba wanda ya taɓa kiran sunanka ranar rabon kyaututtuka. Haƙuri gadon Dunoma!

Makon jiya Malama Asma'u ta tarar da shi ya kanga littafi dab da hancinsa. Ta tambaye shi saura littattafai nawa bai fassara ba.

"Goma sha tara. Amma na gaji, Malama. Baƙaƙen gudu suke yi mini."

Mun gode, Malam Halliru. Allah ya saka da alheri, ya ƙara hasken ido. Ku kuma da kuka zauna gabansa ranar Alhamis, littattafai sittin da ɗaya na nan a ɗakinsa da rubutun hannu, tawadar tana dushewa. Mai na'ura ya je ya buga, mai biro ya je ya kwafa. Ku je tun yana iya gyara muku inda kuka yi kuskure.