Mutumin da Ke Gindin Hasumiyar Agogo

Ko ka tambayi sunansa na yanka a bakin gidan waya, ba mai gaya maka. Kowa Ga Ni Nan yake ce masa. Shekara arba'in ke nan yana sayar da katunan hotunan gari a wata 'yar rumfa, irin waɗanda baƙi masu yawon buɗe ido ke maƙala wa kan sarki su aika gida: tsohuwar gada, tashar jirgin ƙasa, da hasumiyar agogo. Gadar an sake ta, hasumiyar an rushe an yi wurin ajiye motoci, amma a rumfarsa komai yana nan tsaye, sai dai launi ya koɗe.

Katin hasumiyar shi ya jawo masa sunan. A gindinta akwai wani ɗan mutum riƙe da keke, bai fi kan ashana ba. Duk baƙon da ya tsaya, sai ya ɗora masa farce a wurin ya ce, "Ga ni nan." Ya kawo labarin ranar da mai hoto ya kafa kyamara, da yadda ya gyara tsayuwa. Baƙo ya gyaɗa kai don kunya, ya saya ya tsere.

Duniya duk ta yarda, ko ta gaji ta yi shiru, ban da maiɗakinsa. Ita hujjarta ɗaya ce: hular mutumin kati hagu ta karkata, tasa kuwa tun da ta san shi dama take kwanciya. Wannan magana tana ci masa rai ba kaɗan ba. Bai gina gida ba, bai yi suna ba, abin da ya mallaka na nunawa ke nan, kuma wadda ya fi so ta yarda ita ce ta ƙi. Har ya taɓa yin mako guda yana karya hula hagu, ta ce ya yi kama da wanda aka mara.

Wata rana da hantsi wani dattijo ya tsaya, tsohon ma'aikacin maɗaba'a ne da ya yi ritaya. Ya ɗaga katin, ya ƙura masa ido, sai ya fashe da dariya. Ya ce a duba agogon da kyau, uku tana zaune a gurbin tara. Wanda ya buga katin fim ɗin ya kifa, hoton gaba ɗaya a juye yake.

Ga Ni Nan bai ko rufe rumfa ba. Ya faɗa shagon mai aski na kusa, ya sure madubin daga gaban mutumin da ake wa aski, ya bar shi da rabin kai, ya nufi gida yana haki.

Ya tarar da ita a tsakar gida tana shanya. Ya jingina madubin da bango, ya kara katin a gabansa. Agogo ya daidaita, hula ta koma dama.

"To, Malama, yau me za ki ce?"

Ta goge hannu da zane, ko sunkuyawa ba ta yi ba.

"Maigida, ai na riga ka sanin kai ne."

Ya saki baki. Ta karɓi katin, ta kai yatsa can gefe, daf da inda hoton ya ƙare. Wata yarinya ce tsaye da lema a bakin titi, rabin jikinta ma an yanke, ta juyo da fuska wajen mai keken.

"Wannan wa kake zaton take kallo? Motar haya uku na bari suka wuce ni ranar. Shekara arba'in kana nuna wa baƙi katin nan, jira nake ka ɗauke ido daga kanka."

Kunya ta rufe shi, daɗi kuma ya cika masa ciki, ya rasa wanda zai fara ji. Ya zauna a kan bokiti yana kallon yarinyar, har mai aski ya iso da abokin cinikinsa a baya, tawul a wuya, suna neman madubinsu.

Washegari baƙin farko da suka tsaya, ya ɗora farce a gefen katin ya ce, "Ga ta nan." Suka tambaye shi wace ce, ya gyara tsayuwa, ya kawo musu labarin motar haya ukun da ta bari suka wuce ta.