Ranar da Na Yi wa Surukata Gwalo

Shekara goma sha bakwai ina auren 'yarta, ban taɓa ganin haƙoran surukata ba. In na je gaishe ta a Ƙofar Guga, ina durƙushe a bakin ƙofa, ita tana ciki ta ja mayafi har hanci, mu yi ta jera gaisuwa kowa na kallon ƙasa. Ko ruwa ba ta taɓa sha a gabana ba.

Sai ciwon ciki ya kwantar da ita, aka ce duwatsu ne a matsarmama, sai an yi aiki. Matata na jego, yayyenta maza duk suna kudu, don haka ni aka ɗora wa kai ta asibiti. Har babbar riga na sa, kamar mai zuwa ɗaurin aure.

Ana gobe aiki, likitan da zai sa ta barci ya zo duba ta. Ya yi mana bayani cewa in allura ta kwantar da mutum, sai an zura masa bututu ta baki zuwa maƙogwaro don ya yi numfashi. Wani bakin yana ba da hanya, wani kuwa sai an sha wuya, shi ya sa ake aunawa tun mutum na farke.

"Hajiya, buɗe baki iya ƙarfinki," in ji shi.

Ta ɗan raba leɓe, ko cokalin shayi ba zai shiga ba.

"Ɗaga kai ki dubi sama."

Ta ƙara cusa haɓa a ƙirji.

"Fito da harshe."

Ta tsuke baki gam.

Likita ya yi rubutu, fuskarsa ta canja. Ya ce yatsa uku ya kamata su shiga tsakanin haƙora, nan kuwa ɗaya ma da ƙyar, ga wuya a sandare. In haka ne ba aiki gobe, sai a tura mu Kano inda ake da na'urar leƙa maƙogwaro, mu shiga sabon layi. Ga shi kuwa baiwar Allahn nan kwana uku ta yi tana murƙususu.

Ni kuma da ƙwaƙwalwata ta malamin makaranta, sai na yanke cewa ba ta gane ba ne, misali take buƙata. Na tattare babbar riga, na durƙusa a gabanta, na wangale baki, na zaro harshe har haɓa, na ce "aaa". Na ƙara da cusa yatsu uku. Gwalo na yi wa surukata da rana tsaka, a gaban jama'a, ina kuma jin kaina mai taimako. Ta lulluɓe fuska gaba ɗaya tana salati.

Wata nas dattijuwa da ke gyara ƙarin ruwa a gadon gefe ta juyo.

"Malam, ɗanta ne kai?"

"Surukinta ne."

"Surukinta! Hita waje, Allah shi shirye ka."

Likita ya dafe kai. Ashe duk zatonsa ita ta haife ni.

Ina tsaye a baranda na ji wata "aaa" da ta sa mai shara waiwayowa. Jim kaɗan likita ya fito yana dariya: yatsa uku har da sarari, wuya lafiya lau, har beli ana hangowa. Ya soke abin da ya rubuta.

Washegari aka yi aiki, bututu ya shiga salin alin. Da aka turo ta ɗaki babu mayafi, maganin barci bai gama sakinta ba. Ta buɗe ido, ta dube ni ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba, ta yi dariya baki buɗe. Ashe haƙoran Makka biyu gare ta.

Ta kama hannun nas ɗin nan ta ce, "Kin ga wannan? Ba shi da wayo ko kaɗan. Amma ko ni na haihe shi, iyakar abin da zai yi mani ke nan."

Wannan karon ni na cusa haɓa a ƙirji, don kada ta ga hawayena.