Sharaɗin da Maigidana Ya Cire

Maigidana malamin lissafi ne a Dogon Dutsi, ana ce masa Mushe, yadda ake kiran malaman boko a wajenmu. Shekara da shekaru, in ya taso daga lakwal, wato makaranta, sai ya duƙufa kan kwamfuta, har ya haɗa wata manhaja mai tuna wa makiyaya lokacin rigakafin dabbobi, da Hausa da Fulatanci. Ya sake ta kyauta a intanet, da sharaɗi ɗaya cikin lasisinta: duk wanda ya ɗauka ya ƙara mata wani abu, dole shi ma ya bar nasa a buɗe ga kowa.

Wata Asabar wani darakta na kamfani ya zo daga Yamai cikin farar mota. Na yanka masa zabi biyu. Yana ci yana yabon kyauta da taimakon talaka, har maiƙo na bin haɓarsa.

"Mushe, za mu zuba jari a aikinka," in ji shi. "Amma sharaɗin nan ka cire shi."

"Me ya yi muku?"

"Mu zuba jari, sannan abokan gasa su kwashi gyaranmu a banza?"

Daga bakin ƙofa na ce, "Alhaji, ai kai ma a banza ka zo kwasa."

Ya yi dariya, ya ce Madam akwai barkwanci. Maigida ya harare ni. Kafin la'asar an kira shi injiniya sau ba adadi, kansa ya kumbura, ya cire sharaɗin.

Jari kam sun zuba, ba zan yi musu ƙarya ba. Sun ɗauki ma'aikata a Yamai, sun gyara manhajar ta yi kyau, sun sa mata sabon suna, suka rufe ta ruf. Maigida ya samu gayyata zuwa bikin ƙaddamarwa. Ya ɗinka sabuwar shadda, aka zaunar da shi a layin baya kusa da masu raba lemo. Ya dawo da hula mai tambarin kamfani.

Da damina wani makiyayi daga wajen Matankari ya zo har gida, wai sabuwar manhajar ta ƙi buɗewa a wayarsa, Mushe ya duba masa. Maigida ya juya wayar, ya sake juyawa.

"Ba ni da izinin taɓa ta," ya ce a hankali.

Makiyayin ya dube shi. "To ba kai ka yi ta ba?"

Maigida ya ce in kawo wa baƙo ruwa. Na kawo. Maigida ya zauna ya mayar masa da tsohuwar manhajar, wadda har yau take aiki, da muninta da komai.